Gawon Gonar Kawu

Aikina ɗaukar hoto ne, amma kafin shekarar nan ban taɓa ɗaukar abin da ba shi da ido da hanci ba. Shagona yana kusa da kasuwa a Zinder, ɗaki ɗaya da labule, sai 'yar ƙuryar da nake wanke hotuna. Mutum zai zo ya zauna a benci, in ce ya ɗaga haɓa, kada ya ƙyafta ido, kashegari ya karɓi fuskarsa guda huɗu ya kai biro, wato ofis, a manna masa a kati. Haka na yi shekaru, ban kuma taɓa cewa na gaji ba.

Sai fari ya zo, shekara biyu a jere. Bencin ya zama wurin barcina da rana. Ana cikin haka wani biro ya aiko kirana. Suna son buga kalandar shekara mai zuwa da hotunan ƙasarmu, daga gabas har bakin kogi: duwatsu, tuddan rairayi, dabino, faɗuwar rana. Mai hotonsu ya kwanta ciwo, wani ya ce ai akwai ni. Za a ba ni mota da direba, da wani shef, wato shugaban tafiyar, da zai riƙa nuna abin da ake so. Mako biyu, in ji su. Na amsa tun kafin su rufe baki.

Innata tana wurina a unguwar Kara-Kara a lokacin. Gwiwoyinta sun riƙe, daga ɗaki zuwa tsakar gida ma sai da sanda. Ita ba 'yar birni ba ce. Daga wani ƙauye na Garagumsa mahaifina ya auro ta, shi kuwa baduku ne, iyaye da kakanni duk a birni aka binne su, kuma halinsa na ɗauko. Takan ce ban iya bambanta gero da dawa ba sai an tuƙa. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, "kai" take cewa. Duk duniya ɗan'uwa ɗaya ya rage mata, ƙanenta, Kawu, wanda ya zauna a gonar ubansu. Kowace kaka yakan zo mata da damin gero da buhun gyaɗa, ya kwana uku ya koma. Kakar da ta wuce bai zo ba, bai kuma aiko kowa ba.

Da ta ji motarmu ta Takieta za ta bi, sai ta sa aka ƙulla shinkafa da sukari da goro a tsumma.

"Kai," ta ce, "hanyarku ce, ka kai masa. Ka kuma ɗauko min shi a abin nan naka in gan shi da idona. Kullum kana ɗaukar mutanen da ba ka san su ba."

Na ce to. Na sa filim ɗaya nawa na kaina a aljihu, baƙi da fari, ban haɗa shi da masu launin da biro suka ba ni ba.

Mun tashi a farkon damina, in dai lissafin wata za a bi. Ruwa ɗaya aka yi, mutane suka yi shuka, sama ta ɗauke. Shef mutum ne mai gilashi da ciwon ciki, ba mugu ba ne, amma tun ba mu fita gari ba ya kafa min doka: ban da mutum, ban da mushen dabba. "Kalanda ce," ya ce, "a bango za a rataye ta. Ba wanda zai so ya yi wata guda yana kallon haƙarƙarin saniya." Da na roƙe shi mu ratse ƙauyen Kawu, ya dubi agogo ya ce minti talatin.

Rana tsaka muka isa. Na sami Kawu a gonar da ke bayan gida, yana sake shuka a busasshiyar ƙasa ko Allah zai sa ruwa ya same ta. Na san shi ƙato, mai kaurin wuya, wanda in ya shigo zaurenmu sai ya sunkuya. Wanda ya ajiye ƙwarya ya taso ya tarye ni, da ba don muryar ba, da na wuce shi.

"Ɗan Yaya! Kai ne da rana haka? Ya Yayar? Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, Kawu. Tana gaishe ka. Ta ce me ya hana ka zuwa."

"In je da me? Da hannu biyu?" Ya yi dariya. Ya karɓi ƙullin, ya auna nauyinsa a tafin hannu, bai kwance ba, ya miƙa wa matarsa ta kan danga.

Muka tsaya a inuwar wani babban gawo da ke tsakiyar gonar. Ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce, "Ka gan shi, har yau bai zubar ba." Ni ma na ɗaga kai, na ga itace da ganyensa. Ban gane abin da yake nufi ba, ban kuma tambaya ba. Na ce Allah ya kyauta, don ita ce kalmar da ke shiga ko'ina.

Da na gaya masa saƙon hoto, ya ce in jira. Ya shiga gida ya fito da babbar rigarsa ta salla, shuɗiya, da hula. Rigar ta zauna a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa. Ya tsaya a gefen gawon, ya miƙe hannuwa tsam a jiki, ya haɗe fuska yadda mutanenmu suke yi in za a ɗauke su. Na ɗaga kyamara na leƙa.

Duk mai hoto ya san ba a ɗaukar mutum rana tana tsakiyar ka. Idanu sukan zama ramuka, inuwa ta cika kumatu. Wannan gaskiya ce, kuma ita na faɗa masa. Akwai wata gaskiyar da ban faɗa ba: abin da na gani a cikin gilashin nan ba na son in kai wa Inna shi. Na ce a raina nan da mako biyu an yi ruwa, ganye ya fito, shinkafar nan ta ɗan shiga jiki.

"Kawu, ranar nan ba ta hoto ba ce, za ta ɓata maka fuska. Bari in na dawo, mako biyu ne. In zo da la'asar in ɗauke ka yadda ya kamata."

"Ɗauka mana haka nan. Yaya ce za ta gani, ba gwamna ba."

"Ba zan kai mata aikin banza ba."

Direba ya danna ham daga bakin hanya. Kawu ya saki kafaɗunsa.

"To, kai ka san aikinka. Da la'asar ko? Allah ya kai mu."

Daga nan sai kwalta. Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, sannan muka karkata arewa. A kwana ukun farko na koyi sabon aikin nawa, kuma ba wani aiki ba ne illa cirewa. Ga tudu mai kyau, a gindinsa matacciyar saniya: sai in matsa hagu taku huɗu ta fita. Ga kuka ta tsaya ita kaɗai a fili, a ƙarƙashinta mutane da tabarmi da tukwane sun yada zango: sai in durƙusa, in ɗaga bakin kyamara sama, kukar ta rage da sararin Allah. Wari kuwa ba ya shiga hoto, wannan sauƙin na samu. Kafin mako ya cika na ƙware, har idona ya fara yin cirewar da kansa ko babu kyamara a hannuna.

Abin da na kasa sabawa da shi shi ne motar. Fara ce, da rubutun biro a ƙofa, kuma a shekarar nan farar mota mai rubutu abu ɗaya take nufi ga mutanen ƙauye, rabon hatsi. Duk inda muka tsaya, ko da ka rantse ba mahaluki a wurin, kafin in kafa ƙafafun kyamara sun fito. Ba gudu suke yi ba, ba mai ƙarfin gudu. Su zo su yi sallama su tsaya da ƙorai a hannu, daidai gaban abin da zan ɗauka. Ni kuwa in ce, "Don Allah ku ɗan gusa." Ban san sau nawa na faɗi wannan magana ba a tafiyar. Kuma suna gusawa, ba musu.

Wata rana wata mata ta tambaye ni, "Malam, me kake ɗauka?"

Na ce, "Dutsen can."

Ta juya ta dubi dutsen da kyau. "To in ka gama da shi, mu ma za a ɗauke mu a rubuta?"

Na ce ba yau ba. Duk da haka ta koma gefe ta gyara ɗaurin kallabinta, ta tsaya tana jira har muka tayar da mota.

Ƙasar tana da kyau, abin haushin ke nan. Ni da ban taɓa wuce Maraɗi ba na ga duwatsun arewa da asuba sun yi shuɗi, na ga lambunan dabino a cikin kwari, na ga rairayi da la'asar ya yi launin zuma. Amma kyan yana da lokacinsa, ɗan taƙi da safe da ɗan taƙi kafin magariba. Sauran yinin a ƙarƙashin mota muke yin sa, muna cin burodi busasshe da kifin gwangwani, shef yana riƙe da cikinsa, direba yana korar ƙuda. Wasu ranakun hadari yakan haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso. Duk wanda ke wurin sai ya ɗaga kai yana motsa baki. Ni ma ina ɗaga kai, amma ina lissafin inda gajimaren zai zauna a hoto, don shef ya ce sama fayau ba ta da kyau a kalanda. Sai iskar ta watsa shi, su su sunkuyar da kai, ni in naɗe kayana.

A hanyarmu ta dawowa daga Agadas wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashin mota, aka ja mu zuwa Tawa. Sai daga Yamai za a aiko da irinsa. Kwana goma sha ɗaya muka yi a farfajiyar wani biro, a gindin dogon yaro, kullum ana cewa gobe. A nan mako biyun da na yi wa Kawu alkawari suka cika suka wuce. Na tuna, ba zan ce ban tuna ba. Na ce ai manomi ne, yana gonarsa, ina za shi?

Da aka gyara muka gangara ta Dogon Dutsi da Dosso har kogi. Na ɗauki jajayen duwatsu, na ɗauki giginya, na ɗauki kwalekwale da faɗuwar rana a bayansa, na cire yashin da ya cinye rabin ruwan. A lokacin ba na jin komai sai ciwon baya da kwaɗayin tabarmata. Shef ya karɓe filimansa a Yamai, ya ce aiki ya yi, ya tafi asibiti da cikinsa. Muka juyo ni da direba.

Mun kai Tasawa da hantsi, kwana talatin da takwas da barinmu gida. Lokacin marka ne, lokacin da a shekarar kirki mutum kan yini bai ga rana ba. Da mun miƙe da azahar muna ƙauyen Kawu. Sai na sa direba ya tsaya muka sha shayi, muka yi salla, muka ƙara zama, wai don mu isa da la'asar hasken ya yi daidai. Har yau in na tuna wannan zaman sai in ji haushin kaina ya taso sabo.

Ba wanda ya fito ya tarye mu. Wannan ne ƙauye na farko a duk tafiyar da farar mota ta tsaya ba a zo da ƙwarya ba. An toshe ƙofar gidan Kawu da ƙaya. Rumbunsa a buɗe, an sauke jinkarsa an jingine a ƙasa. Na yi sallama sau uku kamar wawa.

Wani tsoho ya fito daga masallaci yana jan ƙafa. Ladanin garin ne, ya ce su biyar suka rage.

"Kai ne ɗan yayarsa mai hoto?"

Na ce ni ne.

"Sun yi kudu, yau kwana tara. Shi da mai ɗakinsa, a ƙasa."

"Wane gari, Baba?"

"Wa ya sani? Inda ƙafa ta tsaya." Ya zauna a kan wani turmi da aka kifa. "Jama'a sun riga shi tashi da mako guda, sun so ya bi su, da jakuna ma a ayarin. Ya ce yana da baƙo. Kowace la'asar sai ya sa shuɗiyar rigar nan ya fita bakin kwalta ya zauna, sai an kira magariba ya dawo ya ninke ta. Da shinkafar ta ƙare, matar ta ce ita dai za ta tafi. Shi ne ya bi ta."

Na ba shi sauran burodinmu da sukari, na zaga bayan gida.

Gonar fes take, ko tsinke babu, sai rairayi da iska ta yi wa layi-layi. A tsakiya ga gawon nan, kore shar, cike da ganye, rana ta sauko ta haske shi ta gefe. A duk tafiyar ban ga abin da ya fi shi kyau ba. Hannuna ya yi abin da ya saba. Na sa filim ɗina, na matsa hagu gidan da ƙayar suka fita, na durƙusa buɗaɗɗen rumbun ya fita. Na ce a raina ga abin da zan kai mata: itacen gidansu da ransa, da ganyensa. Ta gani hankalinta ya kwanta, ni kuma in sami lokacin neman bakin zaren.

Kashegari na wanke shi a shago, ya fito tsaf, kowane ganye ana ganinsa. Na kai mata da hantsi, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafafu. Na tsuguna na ce na tarar Kawu ya tafi kasuwa, direba kuma ya ƙi jira, amma ga gonarsu, ta ga yadda take.

Ta karɓa ta nisanta shi da fuskarta, ta karkata shi wajen haske.

"Da tafiya ka ɗauka ko da dawowa?"

"Jiya, Inna. Jiya da la'asar."

"Jiya." Ta ɗora yatsa a kan ganyen. "Kai, gawo ba kamar sauran itatuwa ba ne. In ruwa ya sauka zubar da ganye yake yi, ya tsaya tsirara duk damina, gero ya tashi a gindinsa ya fi na ko'ina. Sai rani yake yin ganye. Yanzu muna tsakiyar marka ka kawo min shi da rigarsa." Yatsan ya gangaro ƙasa. "Nan kuma, gindinsa, ko kara ɗaya babu. In nan bai yi ba, ba inda ya yi. Wace kasuwa zai je? Ya sayar da me?"

Ta ɗago ta dube ni.

"Ba ya nan ko?"

Na gaya mata duka. Yadda na same shi da tafiya, da rigar, da ranar da na ce ba ta hoto ba ce, da abin da ladan ya faɗa. Ban rage komai ba, na gaji da cirewa.

Ba ta yi kuka ba a gabana. Ta ce, "Ya tsaya a gabanka, ya sa riga, ka ƙi ɗauka?"

"Ya rame ƙwarai, Inna. Ban so ki gan shi haka ba."

"Ni na goya shi a wata yunwar, tun ba a san za a haife ka ba. Ni na tauna masa ganye na sa masa a baki. Ka zaci ban san fuskarsa da yunwa ba?" Ta miƙo min hoton. "Ungo itacenka. Tashi ka nemo min ɗan'uwana."

Na sa shi a aljihu na fita, jikina bai ko huce daga waccan tafiyar ba. Na bi ta Matamaye na tsallaka iyaka, Daura, Kazaure, har Kano. Na shiga tashoshin mota, da bayan masallatai, da filayen da mutanenmu suka kafa bukkokin buhu. Ko'ina sai in fara kwatance: dogo ne, baƙi, yana da shuɗiyar riga. In na ce ƙato sai in tuna, in gyara. Mutane suna saurare da haƙuri, amma dogaye baƙaƙe ramammu sun cika ƙasar a shekarar nan. Sau uku na yi wannan tafiyar kafin Inna ta rasu, ba mu kuma taɓa jin ɗuriyarsa ba.

A tafiyar farko, a wata tasha a Kano, na sami wani dattijo da ke rubuta sunayen baƙin da suka sauka. Ya saurare ni har na gama, ya tambayi sana'ata, na gaya masa. Fuskarsa ta saki.

"To ai abin ya zo da sauƙi," ya ce, ya miƙo hannu. "Kawo hotonsa mu zaga da shi."

Na sa hannu a aljihu, na taɓa hoton gawon, na fito da hannuna haka nan.